Koyar da Turanci da tatsuniyar Momotaro: kundin aikin 'yan aji ɗaya

13 ga Janairu 2025

Aikin na 'yan aji ɗaya ne na ƙaramar sakandare, yaran da Hausa ce harshensu na gida. Yawancinsu suna iya haɗa baƙi su karanta jimlar Turanci da ƙarfi, amma da an tambaye su me jimlar ta ce sai aji ya yi tsit. Abu biyu muke nema kafin zangon nan ya ƙare: kalmomin da yaro zai iya sarrafawa da kansa, da iya karanta gajeren labarin da bai taɓa gani ba ya faɗi abin da ya faru a ciki.

Mun tsaya a kan tatsuniyar Japan ta Momotaro. Wani tsoho ne da matarsa, Allah bai ba su haihuwa ba. Wata rana tsohon ya hau dutse neman itace, tsohuwar ta tafi rafi wanki, sai ga ruwa ya ɗauko wani ƙaton ɗan itace, *peach* da Turanci, *momo* da Japananci. Ta kai gida, suna shirin yankawa sai ya tsage, ga jariri a ciki. Suka raɗa masa suna Momotaro. Taro suna ne da Japanawa suka saba ba ɗan fari namiji. Da ya girma sai ya ce zai tafi Onigashima, tsibirin dodannin da suka addabi mutane. Tsohuwa ta yi masa guzurin *kibi dango*, wasu 'yan dunƙule na garin hatsi. A hanya ya gamu da kare, sai biri, sai wani tsuntsu, kowanne ya roƙi dunƙule ɗaya ya bi shi. Suka ci dodanni da yaƙi, suka komo da dukiya.

Dalilin zaɓenta shi ne babu yaron da ya san ta. Da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi muka mayar Turanci, yaro zai amsa tambayoyi daga abin da kakarsa ta ba shi tun yana goye, mu kuwa mu ɗauka karatu ya yi. Sannan labarin na da maimaici a jikinsa: gamuwa uku, magana iri ɗaya sau uku.

16 ga Janairu

Tsofaffin fassarorin Turanci ba za su shiga aji yadda suke ba. Ta A. B. Mitford ta 1871 gajeriya ce amma Turancinta na zamanin da ne, ta Yei Theodora Ozaki ta 1903 kuwa doguwa ce, jimla ɗaya takan ci layi uku. Don haka muka rubuta tamu: kalma 600, kashi shida, kowane kashi kalma ɗari.

Ma'aunin da muka bi shi ne na masu binciken koyon kalmomi. Batia Laufer ta nuna a 1989 cewa mai karatu na bukatar sanin kusan kashi 95 cikin ɗari na kalmomin rubutu kafin ya kama ma'anarsa, Marcella Hu da Paul Nation kuma a 2000 suka kai abin zuwa kashi 98 ga mai karatu shi kaɗai ba mataimaki. A aikace, kashi 95 na nufin baƙuwar kalma ɗaya a cikin kowace ashirin, wato kusan ɗaya a kowane layi biyu. Kashi 98 kuwa ɗaya a cikin hamsin. Saboda haka a kowane kashi namu na kalma ɗari, bayan an koyar da sababbin kalmomin ranar, baƙin da za su rage kada su wuce biyu.

Sababbin kalmomi takwas ne a kowane kashi, 48 ke nan gaba ɗaya. Shida kaɗai ne na labarin kansa: *peach, pheasant, ogre, dumpling, treasure, island*. Sauran duk mun tabbatar suna cikin jerin kalmomi kusan 2,000 da Michael West ya fitar a 1953, waɗanda suka fi yawo a Turanci, kuma ashirin daga cikinsu aikatau ne. Kowace sabuwar kalma sai ta sake fitowa aƙalla sau biyar a sauran labarin ko a aikin aji. Wadda ba ta sami wurin maimaituwa ba, an cire ta.

Wajen gwada nauyin rubutun akwai tarko. In aka ba yaro fensir aka ce ya ja layi ƙarƙashin kalmar da bai sani ba, kaɗan zai ja, domin a wurinsa kalmar da ya iya furtawa ya san ta. Abin da ya fi shi ne malam ya zaɓi kalma goma daga shafin, ya ce a faɗi ma'anarsu da Hausa. A nan ne aka ga *river* da *old* sun zauna, amma *until* da *carry* da *both* babu su.

20 ga Janairu

Kayan aiki. Mun ari dabarar *kamishibai*, wato ba da labari da katunan hoto, sana'ar da ta bunƙasa a titunan Tokyo wajen 1930, inda mai labari ke yawo da keke yana sayar wa yara alewa yana zare hotuna ɗaya bayan ɗaya daga wani ƙaramin akwatin katako. Namu katin goma sha biyu ne, biyu ga kowane kashi, girman takardar A3, santimita 42 da kusan 30. Zane da maka mai kauri, mutum biyu ko uku kawai a hoto, don na bencin baya su gani. Ba a rubuta komai a fuskar katin, in ba haka ba yara rubutun za su tsura wa ido su daina saurare.

Rubutun a baya yake, kuma a nan ake yawan rikicewa. Malam na riƙe da katunan a haɗe, na ɗaya na fuskantar yara, shi kuwa bayan na goma sha biyu yake gani. To rubutun hoto na ɗaya a bayan kati na goma sha biyu zai kasance. In ya zare na ɗaya ya mayar baya, yara na kallon hoto na biyu, shi yana kallon bayan na ɗaya, don haka rubutun hoto na biyu a bayan kati na ɗaya ake sa shi, haka har ƙarshe. Wanda ya rubuta kowane kashi a bayan hotonsa, sai ya riƙa juya kati yana leƙe, labari ya yanke.

Kwali in aka liƙa masa takarda a fuska ɗaya, da gam ya bushe zai lanƙwashe, balle a wannan hunturun. A liƙa gaba da baya lokaci guda, a danne da littattafai masu nauyi ya kwana.

Rabon minti arba'in na darasi: biyar bitar kalmomin jiya, takwas sababbin kalmomi, goma labari da katuna, goma karatun zuci kowa da takardarsa, bakwai tambayoyi.

23 ga Janairu

Kashi na ɗaya ya shiga aji. *Once upon a time* ba ta bukaci dogon bayani ba, an gaya musu ita ce ƙofar labari, inda mu ke cewa ga ta nan ga ta nanku, Japanawa su ce *mukashi mukashi*.

Baƙin kalmomin nan da aka yi zaton za su ba da wuya ba su ɗauki minti biyu ba. *Peach* hoto ya wadatar, da bayanin cewa fatarsa na da laushin gashi, da ƙwallo ɗaya a tsakiya. A hana su kiransa mangwaro, don in suka saba ba ya fita. *Ogre* Dodo ne, kowa ya gane, sai dai *oni* na Japan ƙaho gare shi da kulkin ƙarfe, fatarsa ja ko shuɗiya. *Pheasant* ɗan'uwan fakara ne mai dogon bindi, shi ne ma tsuntsun ƙasa na Japan. *Dumpling* kuwa kamar dunƙulen fura, ko da yake *kibi* wani ƙaramin hatsi ne dabam da geron da muke nomawa. Yankin Okayama, wanda tsohon sunansa Kibi, shi ke cewa Momotaro nasa ne, har da mutum-mutuminsa a gaban tashar jirgin ƙasa ta birnin.

Abin da ya ci lokaci shi ne *a* da *the*. Mun rubuta jimla biyu a allo: *She saw a peach. The peach was big.* A ƙarƙashinsu: ta ga wani ɗan itace, ɗan itacen ƙato ne. Hausa na da wannan bambancin, wani ko wata a ambaton farko, sai -n ko -r a ƙarshen suna in an sake ambatonsa. Da aka ja musu layi daga *a* zuwa wani, daga *the* zuwa -n ɗin itacen, sai aka ji wata yarinya daga tsakiya ta ce, "Malam, ashe kogin shi ne *the river*." Daidaiton bai kai ko'ina ba, amma a cikin labari yana aiki, kuma ya fi musu haddar doka.

27 ga Janairu

Furuci. Hausa ba ta raba p da f, shi ya sa *peach* ke fitowa da f, *found* kuma wani lokaci da p. Kowane yaro ya yagi siririyar takarda ya riƙe gaban leɓensa. A p leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe, takardar ta yi tsalle. A f haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa, iska ta fita a hankali, ana iya jan ta. Tagwayen da muke amfani da su: *pull* da *full*, *pan* da *fan*, *peel* da *feel*. A fara da kunne: malam ya faɗa, su ɗaga yatsa ɗaya ko biyu. Wanda bai ji bambancin ba, ba zai furta shi ba.

Kada a kawo *pheasant* rana ɗaya da wannan aikin. Da p ake rubuta ta, da f ake karanta ta, in ta faɗo tsakiya sai ta rushe abin da aka gina. Tana kashi na huɗu, furucinta can zai jira.

*Peach* da *pitch* sun zo da sauƙi, domin kunnen Bahaushe ya san dogon wasali da gajere; shi ke raba masa garin tuwo da garin Kano. Cunkoson baƙaƙe ne ke da aiki: *strong* da *stream* sai an cusa musu wasali sun koma sitirong da sitirim. Maganin shi ne a ja s ɗin ita kaɗai, a tsaya, a faɗi sauran, sannan a riƙa rage tazarar. Sautin *th* mun ɗage shi zuwa wani zangon.

3 ga Fabrairu

Nan ne asalin aikin. A rubutun da suka kawo na taƙaita kashi na ɗaya da na biyu, kuskure biyu ne suka mamaye: *She go to the river*, da *The boy he grow*. Ba sakaci ba ne, ginin Hausa ne ke aiki a ƙasa. A Hausa lokaci yana gaban aikatau, a jikin lamirin suna: ya yanka, zai yanka, yakan yanka. Yanka ba ta motsa ba. Don haka yaro gaban aikatau yake duba, shi ya sa *will* ba ta ba shi wahala, amma wutsiyar *-ed* ko sauyin *go* zuwa *went* ba ya ganin amfaninsu. Haka kuma a jimlar Hausa *yaron ya girma* dole sai da *ya*, to shi ne yake fitowa a *the boy he*.

Gaya musu wannan kai tsaye, da Hausa, cikin minti uku, ya fi gyara da jan biro sau ɗari. A allo an rubuta jimlar Hausa da ta Turanci sama da ƙasa, aka zagaye inda lokaci yake da alli mai launi: a Hausa gaba, a Turanci jikin aikatau.

Aikatau ashirin ɗin ba a jera su bisa abacada ba, an tara su bisa amo. *Brought, fought, thought, caught* gida ɗaya. *Grew, flew, threw, knew* gida ɗaya. *Cut, put, hit* ba sa canjawa. *Went* ita kaɗai take, sai hadda. Masu *-ed* kuma amo uku gare su: t a *washed*, d a *opened*, id a *floated*. Yara kan ba kowacce gaɓa ta daban, su ce washed da gaɓa biyu. Tafa hannu sau ɗaya ga *washed*, sau biyu ga *floated*, yana gyara shi.

Bayan darasin *-ed* sai aka fara ganin *goed* da *cutted* a littattafai. Kada malam ya ɗauka koma baya ne. Yaron da ya rubuta *goed* ya gane cewa lokaci a jikin aikatau yake, kuma wannan shi ne babban abin. A rubuta masa *went* a gefe, kada a soke jimlar.

Don bita, kowane benci na da ambulan uku da ƙananan katuna, Turanci a gaba, a baya Hausa da jimla ɗaya daga labarin. Tsarin Sebastian Leitner ne na 1972 aka rage shi. Ambulan ta ɗaya kullum ake buɗe ta, ta biyu sau biyu a mako, ta uku ranar Juma'a kawai. Katin da aka ci ya matsa gaba, wanda aka faɗi ya koma ta ɗaya ko daga ina yake. Katin da ba shi da jimla a baya bai cika amfani ba: yaro zai san *carry* ɗauka ce, amma bai san me ke biyo ta ba.

10 ga Fabrairu

Kashi na uku da na huɗu, gamuwa da dabbobi. Kare ya tambaya, *What is in your bag?* Momotaro ya amsa, kare ya ce, *Give me one, and I will go with you.* A karo na farko malam ya faɗa, na biyu aji ya ƙarasa masa, na uku aji ya faɗa shi kaɗai. An raba su rukuni na mutum huɗu suka yi wasan, har waɗanda ba a taɓa jin muryarsu da Turanci ba sun yi magana.

Sai dai akwai abin lura. Yaran nan gwanayen hadda ne, sun taso da ita a makarantar allo da Islamiyya, kuma baiwa ce da ke taimaka musu ƙwarai wajen aikatau. Amma wanda ya haddace shafi zai iya rera shi tsaf bai san abin da ke ciki ba. Mun gwada: aka rubuta maganar a allo, aka sauya *bag* da *box*, *one* da *two*, aka ce a karanta. Aji ya ɗauka gaba ɗaya da *bag* da *one*, sai 'yan tsiraru a gaba suka yi turus suna kallon allo. Daga yau kowane darasi zai zo da jimla uku da aka gurɓata da gangan, su nemo inda aka taɓa. Za a kuma riƙa yanka kashin ranar jimla-jimla, a cakuɗa, kowane benci ya jera.

17 ga Fabrairu

Tambayoyin auna fahimta iri uku muke yi. Akwai wadda amsarta ke cikin layi ɗaya, akwai wadda sai an haɗa jimla biyu, akwai wadda ba a rubuta amsarta ba sam. Iri na farko na da rauni: yaro ya ɗauki kalma daga tambayar, ya nemo ta a shafi, ya kwafe jimlar duka, ya ci maki. Don haka tambaya ba za ta ƙara ɗaukar kalmomin jimlar da ke ɗauke da amsa ba. Inda labari ya ce tsohuwa ta tafi rafi wanke tufafi, tambayar ita ce wane aiki take yi lokacin da ta ga ɗan itacen.

A iri na biyu da na uku an yarda a amsa da Hausa. Abin da ake aunawa shi ne ko ya gane, ba ko ya iya rubutawa ba. In aka haɗa biyun, yaron da ya fahimta sarai zai bar wurin fayau don tsoron kuskure. Tambayar da ta fi motsa su: me ya sa Momotaro ya sa tsuntsu ya fara shiga tsibirin? Ba a faɗa ba a rubutun, sai wanda ya tuna ganuwar da aka ambata a jimlar baya.

Wakilin suna ma ya fito fili. *He gave it to him* ta rikita da yawa, wa ya ba wa, me aka bayar. Yanzu kowane *he, him, it, they* sai an ja kibiya daga shi zuwa sunan da yake wakilta. *He* da *she* ba matsala, Hausa na da shi da ita. *It* ce babu, don a Hausa kowane abu namiji ne ko mace, shi ya sa kogi ke zama *he* a rubutunsu.

24 ga Fabrairu

An kammala kashi na shida. Muhawarar rufewa: dukiyar da Momotaro ya kwaso, halalinsa ce? Tambayar ba tamu ba ce. Fukuzawa Yukichi, malamin da hotonsa ya daɗe a takardar kuɗin Japan ta yen 10,000, ya rubuta wa 'ya'yansa a 1871 cewa wanda ya je ya kwashe dukiyar dodanni ɓarawo ne. Rubutunmu bai faɗi inda dodannin suka samo ta ba, don haka aji ya rabu biyu, kuma sharaɗin shi ne duk mai magana ya nuna jimlar da ya dogara da ita. Yana da kyau malam ya san cewa a lokacin yaƙin duniya na biyu an yi amfani da labarin wajen farfaganda, aka mai da dodannin Amurkawa da Turawan Ingila, ko da ba zai kawo shi ga 'yan aji ɗaya ba.

Gwajin ƙarshe ba a kan Momotaro aka yi shi ba. Mun rubuta wani sabon labari mai kalma 150 da kalmomin da aka koya, mutane dabam, wuri dabam, babu hoto. Sunaye sun zauna kusan ga kowa. Aikatau irin su *brought* da *flew* ana gane su a karatu, amma a rubutu har yanzu *bring* da *fly* ke fitowa ga da yawa. Mafi rauni su ne ƙananan kalmomin haɗi: *because, so, until, but*. Yaro zai san duk abin da ya faru, amma ya kasa cewa wanne ya jawo wanne, har wasu sun juya *because* da *so*, sanadi ya koma sakamako. Waɗannan ba a zana su a kati, ba a kwaikwayonsu a wasa, shi ya sa duk dabarun da suka gabata suka tsallake su.

27 ga Fabrairu

Labari na gaba Urashima Taro ne: masuncin da ya ceci kififiya, ta kai shi fadar da ke ƙarƙashin teku, ya yi 'yan kwanaki, ya komo ya tarar shekaru ɗaruruwa sun wuce, ya buɗe akwatin da aka hana shi buɗewa ya tsufa nan take. Duk labarin sanadi ne da lokaci, don haka zai ɗauki *because, so, until*, da ƙarin *ago, later, still, already*. Sababbin kalmomi za su sauka zuwa shida a kashi, biyu daga ciki na haɗi. Kowane darasi zai sami rabin jimloli a yanke, benci ya haɗa kai da wutsiya, ya zaɓi kalmar da za ta ɗaure su. Ginin *had gone* ba zai shiga ba tukuna, za a rubuta labarin bi da bi yadda abubuwa suka faru. Aikatau ashirin na Momotaro duk za su sake fitowa, kowanne aƙalla sau biyu.

Azumi na kamawa farkon Maris, darasi zai koma minti talatin. Bitar ambulan da karatun zuci suna nan yadda suke, labari da katuna ne zai ragu zuwa minti biyar, tambayoyi kuma su zama jinga. Katunan hoto takwas aka zana, saura huɗu na fadar teku.